Tonton Dossou da Tagwayen Ɗakin Sanyi

A ma'aikatarmu da ke unguwar Akpakpa, komai na Tonton Dossou, wato Kawu Dossou, biyu-biyu ne. Biro biyu a aljihu, tabarau biyu, hankici biyu. In zai sayi ayaba a bakin ƙofa sai ya ɗora biyu a tafin hannu ya auna, ya mayar da wadda ta fi, ya nemo daidai da 'yar'uwarta, mai tallar tana harararsa. Mabuɗin ɗakin sanyi, inda na'urorinmu suke, shi kaɗai ne tilo a cikin kayansa, kuma shekara goma sha tara ke nan yana rataye a wuyansa da igiyar takalmi.

A garin Ouidah aka haife shi, shekara biyu bayan tagwaye, Zinsou da Sagbo. Shi ne gambonsu, kuma tun bai iya ɗaura wando ba aka sanar da shi aikinsa a duniya: kada ɗaya ya samu abin da ɗayan bai samu ba. Shi ke raba musu wake da manja, kusan ƙwaya-ƙwaya. Yakan ba da labarin ranar da aka ba Sagbo kan kifi aka ba Zinsou jela, Zinsou ya kwanta zazzaɓi kwana uku, duka kuwa a bayan Dossou ya sauka. Da ya girma ya koyi gyaran rediyo, ya koma gyaran tafireta, ya riƙe wani shagon intanet kusa da kasuwar Dantokpa, daga nan ya zo wurinmu. Bai taɓa zama a ajin kwamfuta ba, amma daga kukan fanka yake gane na'urar da za ta mutu jibi.

Aikinmu ba shi da wuyar faɗa. Muna da babbar na'ura, uwa, a cikinta muke raya ƙananan na'urori marasa jiki muna ba mutane haya. Kowace ƙarama tana da hadiminta, wata 'yar manhaja da ke tsaya mata a matsayin faifan ajiya. Hadimin yana buƙatar folda a jikin uwar don ajiye fayilolinsa, mu ɗaki muke kiranta. Ƙa'idar ita ce kowane ɗaki da mai shi, hadimi guda, shi kaɗai ke da izinin shiga ya karanta ya rubuta. A sati na biyu aka koya mana wannan a makaranta a Kebek, can Kanada, ban kuma taɓa zaton akwai abin gardama a ciki ba.

Da na dawo gida bara aka ɗauke ni aiki, na bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya. Sittin suna kan ƙa'ida tsaf, da hannun Tonton. Biyu ne suka fita daban. Wata ƙungiyar masu fiton kaya a tashar jirgin ruwa ce ta karɓe su shekara shida da suka wuce, rana ɗaya, awa ɗaya. Ɗaya na riƙe takardun kayan shigowa, ɗaya na fita. Tonton ya raɗa musu Zinsou da Sagbo, ya zuba hadimansu a ɗaki guda, da mai shi guda, kowa na iya taɓa kayan kowa.

Na ce, "Tonton, fayilolinsu fa suna ɗaya gare su. In suka tashi tare, wani zai rubuta a kan na wani."

"Shi ya sa ba na barin su tashi tare, 'yar Kanada."

Ya nuna mini. Duk sanda aka ɗauke wuta har batir ya ƙare, sai ya tada ɗaya da hannu, ya ja fayilinsa gefe ya sake masa suna, ya nuna masa sabon wurin, sannan ya tada ɗayan. A bayan ƙofa akwai zane-zanen alli, layi biyu, don sanin wanda aka fara tayarwa wancan karon. Ba a fara da mutum ɗaya sau biyu a jere.

"In ba ka nan fa?"

"Ina zan je?"

Gaskiya ya faɗa. Shekara shida bai je bikin tagwaye na Ouidah ba, bai ɗauki hutu ba, ranar auren 'yarsa ma daga coci nan ya wuto da babbar riga.

Haƙori ne ya tona asirin. Wata Talata da hantsi yana kwance a kujerar likita baki buɗe, wuta ta tafi, janareta ya ƙi, batir ya ƙare. Da ta dawo na shiga da mabuɗin ajiya na ofis na kunna uwar, ban san sai an fara hana tagwayen na'urorin tashi da kansu ba. Hadimin Sagbo ya tumurmushe fayilin Zinsou. Sai la'asar muka dawo da komai daga ajiya, masu fito sun cika mana tsakar gida, wani yana rantsuwa daskararrun kajinsa na cikin kwantena sun fara narkewa.

Madam Akplogan, shugabarmu, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Tonton, zuwa Juma'a. Ko ka raba musu ɗaki, ko ka cire mabuɗin nan ka ba ta, ka koma karɓar baƙi."

Ya dafe kumatunsa mai auduga. "Madam, ba a raba tagwaye. Wanda ya raba, shi ya san abin da zai biyo baya."

"Abin da ya biyo baya na gan shi, kaji ne."

Ni ba na son mabuɗin. Zan iya gyaran cikin minti uku, amma na san in na yi a bayan idonsa, zai ajiye igiyar a teburina ya tafi. Na yi masa bayani da zane, na yi da misali, ya saurara da ladabi ya ce karatuna yana da kyau. Ranar Alhamis ya sanar da mu zai kawo shaidu.

Da safiyar Juma'a suka iso, kowa a kan kabu-kabunsa. Tsofaffi biyu masu fuska ɗaya, cikin atamfa iri ɗaya da Dossou ya ɗinka musu. Suka zauna a bencin ofis, wannan a wannan ƙarshe, wancan a wancan. Dossou ya tsaya a tsakiya ya zayyana musu maganar, ya rufe da cewa, "To yayyena, ku faɗa wa Madam da bakinku. Ana raba wa tagwaye ɗaki?"

Zinsou ya dubi Madam. "Wai tambaya yake yi?"

"Shekara ashirin da uku na yi a ɗaki ɗaya da injin niƙan nan," in ji Sagbo, yana nuna ɗan'uwansa da haɓa. "Minsharinsa har awaki ke amsawa."

"Ɓarawon bargo! Wandona nawa ka sa ka je zance?"

"Na san naka ne? Wannan sakaran ke sayo su iri ɗaya!"

Dossou ya ce, "Amma ai ku ne..."

"Rufe mana baki, ƙaramin alhaki," Zinsou ya katse shi. "Sau uku muna rataya labule a tsakani, sau uku kana kai ƙara wurin Inna ana cirewa. Ranar da kowa ya samu ƙofarsa da kwaɗonsa, ranar muka fara gaisawa."

"To zazzaɓin kifin fa?"

"Sauro ne ya cije ni. Ni jela ma na fi so."

Madam ta juya tana kallon taga, kafaɗunta na rawa don dariya. Dossou kuwa ya dafe mabuɗin da ke wuyansa. Can ya juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa. "In an raba, kowa da ɗakinsa, ni ma ba zan riƙa shiga ba?"

"Sai in wani abu ya lalace, Tonton, ka shiga da izinin babba. Kullum-kullum dai a'a."

"Su tashi su kaɗai."

"Su kaɗai."

Ya ja kujera ya zauna gaban allo. Bai bar ni na taɓa ba. Ya yi ɗakunan biyu da umarni guda, don kada wani ya riga wani zuwa duniya, ya mallaka wa kowane hadimi nasa, ya kulle su da izini iri ɗaya. Sai ya tsaya, yatsa a sama: a layin dole sunan wani ya zo gaba.

"Sa nasa," in ji Sagbo. "Ya daɗe yana neman abin da zai riga ni."

Muka kashe uwar muka kunna. Na'urorin biyu suka tashi tare, lafiya lau. Mabuɗi ya zauna a wuyan mai shi.

Da bikin tagwaye ya zagayo, Madam ta tilasta masa tafiya. Ran Lahadi aka ɗauke wuta awa biyar. Sau huɗu yana kirana daga Ouidah, ganguna na tashi a bayansa, ina ce masa komai daidai. Litinin da sassafe na same shi a ɗakin sanyi yana karanta rahoton na'urorin, fuska a murtuke.

"Ko nemana ba su yi ba," ya ce.

Ya ɗauki tsumma ya goge allin bayan ƙofa. Sannan ya ciro ayaba biyu daga jakarsa ya miƙo mini ɗaya, bai auna ba. Na kai hannu ke nan sai ya janye, ya jera su, ya gutsure kan mai tsawon ya cinye, sannan ya ba ni.