Gwaggo a Cikin Baron Albasa

Shekarar da ƙafafun gwaggona suka daina ɗaukarta, ƙanwarta ta kwanta ciwo a Maraɗi, ta aiko tana son ganinta. Ni aka ɗora wa rakiya, don ina koyarwa, ana zaton na iya magana da masu kaki.

Motarmu ta tsaya a bakin iyaka, kowa ya sauka ya taka zuwa motocin Nijar, ban da gwaggo. Wani dattijo ɗan dako ya turo baron da yake dakon albasa da shi, muka ɗora ta. Ya lulluɓe ta da zane saboda rana, yadda ya saba yi wa kaya.

A shinge wani mai kaki ya zunguri lulluɓin da sanda. "Buhu nawa ne?"

"Guda ne, ɗan nan," in ji gwaggo daga ciki, "kuma ya girmi uwarka."

Da kansa ya sauke igiya, yana ta "Yi haƙuri, Inna." Ni da Turancina ba a neme mu ba.

Mun iske ƙanwar da rai. Abin da ta fara cewa shi ne, "Yaya, warin albasa kike."