Kujera Ɗaya a Ofishin Akanta

Shekarunsa arba'in da bakwai, yana da mata da 'ya'ya huɗu, kuma tun yana saurayi shi ke riƙe lissafin wani kamfanin sayar da kayan gini. Sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Daga leburori har mai kamfanin, Akanta suke ce masa. Ofishinsa ɗan ɗaki ne a bayan sito, inda ƙurar siminti ke shigowa ta ƙasan ƙofa. Tebur ɗaya, fanka ɗaya, sai kujera mai juyawa da ya ɗaga har ƙarshe ya ɗaure da ƙusa, don shi dogo ne.

Bara wani banki ya nemi ma'aikata a sashen binciken kuɗi. Ya nema, ya ci jarrabawa, ya tsallake ganawa ta farko da ta biyu. A ta ƙarshe, shugabar masu tambayoyin ta rako shi har bakin ƙofa ta ce, "Ka fara shiri, takardarka ba za ta daɗe ba." Aka tura shi asibiti gwajin lafiya, aka ɗauki hotonsa na katin aiki.

Masu wayo kan kama bakinsu sai takarda ta zo hannu. Shi bai iya ba. Washegari ya sami mai kamfanin ya ce, "Ranka ya daɗe, cin amana ne in tafi in bar ka ba mai riƙe maka lissafi. A nemo wani in koya masa tun ina nan."

Shi da kansa ya kawo wadda za ta gaje shi, matar direban kamfanin da ya rasu a hatsarin mota. Tana da marayu uku da takardar difloma da ta daɗe a ƙasan akwati, ɗinki kuma take yi tana ciyar da su. Da yake kujerar ɗaya ce, sai ta kife bokitin fenti ta zauna a kai, tana leƙen kwamfuta ta gefen kafaɗarsa. Yaya take ce masa. Ba ta da nauyin kai. Kafin a ankara ta iya aikin.

Takarda dai ba ta zo ba. Da farko aka ce ana jiran sa hannun hedikwata. Sai aka ce shugabar nan an yi mata canjin wurin aiki. Daga baya aka ce ana sake fasalin sashen gaba ɗaya. Ba wanda ya taɓa ce masa a'a. Ko alwala zai yi, wayarsa na kan dutse a gabansa, kuma duk baƙuwar lamba da sallamar girmamawa yake ɗaukarta, sai ya ji mai tallan inshora ne.

Leburori suka samu abin tsokana. "Manajan banki, a ba mu rance mana, ga takalmina jingina!" Yakan yi dariya ya ce takalmin ko ruwan bashin ba zai biya ba. Da watanni suka ja sai suka daina, suka koma gaishe shi a hankali kamar mai jinya. Wannan ya fi tsokanar ciwo.

A farkon watan nan mai kamfanin ya kira shi. "Akanta, kasuwa ba za ta ɗauki albashi biyu a kujera ɗaya ba. Kai ne na da. In ka ce kana nan, kana nan, sai ita ta yi haƙuri. Ka ba ni amsa kafin wata ya mutu."

Ya sake buga wa bankin waya. Wata murya da bai sani ba ta ce, "Ba a rufe maganar ba, Malam. Sai dai gwajin lafiyarka ya tsufa, ƙila a sake."

A gida maiɗakinsa ta saurare shi tana tsince shinkafa. "Baban yara, ka saki reshe ka kama ganye, yanzu an miƙo maka reshen kana tunani? Matar direban 'ya'yanta uku, kai naka huɗu."

"Ni na je har gidanta na ce ta bar ɗinki," in ji shi. "A kan maganata ta sayar da keken ɗinkinta."

"To mu a kan maganar wa za mu ci abinci?"

Ya san gaskiya ta faɗa. Ita kuma sai ta juya baya ta share ido da gefen mayafi.

Shekaranjiya ya iso ofis ya tarar matar direban ta tattara 'yan kayanta a leda. "Yaya, na ji komai. Kujerarka ce, ni dama aro aka ba ni."

"Ke dai je ki sito ki karɓo min sifanar kwance ƙusa," in ji shi.

Da ta kawo, ya durƙusa ya kwance ƙusar da ta yi tsatsa, ya sauke kujerar ƙasa. "Zauna mu gani." Ta zauna tana kuka, ƙafafunta suka taɓa ƙasa.

Ya ajiye mata makullan a kan tebur, ya mayar da bokitin fentin sito. A bakin ƙofa ya ciro wayarsa ya duba, ya ƙara mata sauti, sannan ya fita.