Shafa Farar Ƙasa

Jiya ƙanwata mai aikin ofis ta zuba gishiri a shayi, ta ce, "Na yi guf." Na tambaye ta asalin kalmar, ta ce Turancin 'yan gari ne na kuskure, ita ma tsinta ta yi. Mu a gidanmu, in mutum ya tafka kuskure, cewa muke ya shafa farar ƙasa. Wannan kam na san mafarinta, don a gabana aka yi.

Muna Kurudu, bayan dawowar mulkin farar hula, Abuja sai kumbura take. Masu rusau suka yi wa bangonmu na baya jan fenti. Ka san yadda ake yi: da an yi maka ja, sai ka cire kwano da ƙofa da taga ka kai ajiya, katafila ta tarar da bulo kawai.

Baba ya daɗe yana gadi kafin ya yi rufin nan, ga Inna da ɗanyen jego. Ya kasa faɗa mata. Ya jiƙa farar ƙasa a bokiti, ni na riƙe masa. Ya shafa, jan ya leƙo, ya sake shafawa.

"Kar ki gaya wa uwarki. In ba su ga alama ba, wucewa za su yi."

Maƙwabcinmu, bakanike ɗan Filato, yana kan rufinsa yana zare ƙusa. Ya ce, "Baban yara, katafila ba ta da ido fa. Bari in cire maka naka." Baba ya ce shi ba a yi masa ba.

Damina ce. Kafin masu rusau su dawo, ruwa ya wanke bangon, jan ya fito raɗau. Baba ya durƙusa cikin taɓo gaban direban katafila yana cewa, "Oga, mai jego ce a ciki." Abin da aka bari ke nan, Inna ta fito da jaririya. Kwanon ya nannaɗe kamar takarda, keken ɗinkin Inna a ƙarƙashi.

Inna ba ta yi masa faɗa ba. Sai da muka koma ɗakin aro a Kuje, wata rana tuwona bai nuna ba, na lulluɓe shi da miya. Ta ɗanɗana, ta ce, "Kin shafa farar ƙasa." Baba ya tsame hannunsa, ya fita.

Yau 'ya'yana da dariya suke faɗar ta. Ƙanwar tawa ita ce jaririyar, ba ta tuna komai. Ni kuwa har Baba ya rasu, ban taɓa faɗar ta a gabansa ba.