Giya ta Uku a Hanyar Dusuman

Babur ɗin na yayana ne. Da al'amura suka fara rikicewa a Maiduguri ya kwashe iyalinsa ya koma Kano, ya bar mini shi tare da gonarsa ta Dusuman, ya ce in riƙa leƙawa. Ni tela ne a Kasuwar Litinin, kuma tun tasowata roba-roba na sani, wadda ba ruwanta da kuloci. Wannan kuwa mai kuloci ne, giya huɗu, duk ƙasa ake dannawa.

Tayar da shi bai ba ni wuya ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne tsakanin giya ta biyu da ta uku. Sai in danna, in saki kuloci, in murɗa totur, inji ya yi ta kururuwa, babur kuma ya ƙi ja. Kamar ya faɗa firi, amma koriyar fitilar firi ba ta kama ba. To a ina yake? Na buga wa Yaya waya, ya ce bai taɓa yi masa haka ba. Bakanike ya ce wayar kuloci ce, ya ɗaure ta. Maƙwabcina, wani dattijo Babarbare, ya ce baƙin mai ne ya tsufa, na juye. Babu abin da ya canja.

A lokacin, in ka zo shingen sojoji da babur, tun daga nesa kake kashe shi ka sauka ka tura, sai ka wuce sannan ka hau. Ƙarar babur ta zama abin tsoro a garin, kowa ya san dalili.

Wata safiya da damina na nufi gona. Na tura na wuce shinge lafiya, na hau, na tayar. Giya ta ɗaya, ta biyu, na danna ta uku, sai ya yi halin nasa. Don ruɗewa, maimakon in sassauta totur sai na ƙara murɗawa. Wata mai tallar gyaɗa ta watsar da farantinta ta ruga, mutanen cikin wani keke-napep suka sunkuya. Na ji an daka tsawa a bayana. Na tsaya, na ɗaga hannuwa sama, babur ya kife mini a ƙafa.

Wani dogon soja ya zo, Hausarsa a karye. Na fara rantsuwa.

"Yallaɓai, wallahi gona zan je. Giya ce..."

"Ɗaga shi," ya ce. "Hau."

Na hau, ban san inda za a kai ni ba. Ya tsura wa silifas ɗina ido, ya girgiza kai.

"Tafi wajen bishiya can. Ka dawo."

Na tafi, babur ya sake faɗawa firi. Da na dawo ya kama hannuna na hagu ya matse kuloci har ya taɓa kan babur.

"Matse duka. Rufe totur. Danna ƙafa sosai, sai ya ce ƙas. Cire ƙafa. Kai kana taɓawa kamar kana jin kunya. Tafi!"

Na yi ta zuwa bishiya ina dawowa. Ko murmushi bai yi ba, abokan aikinsa ma ba su yi dariya ba. Na kasa gane ko horo ake mini ko koyarwa. In giyar ta shiga daidai sai ya ce in sake, in ta kuɓuce ma sai ya ce in sake. Can ya juya mini baya ya koma kan buhunan yashinsu. Na tsaya ina jira har wani direba ya leƙo ya ce, "Malam, ai an sallame ka."

Na ba mai gyaɗa haƙuri, na kama hanya. Har gona giya ba ta kuɓuce mini ba, amma na kasa riƙe fartanya, sai na zauna a kan kunyar gona ina kallon gero.

Da na ba dattijon labari da yamma, cewa ya yi baƙin man ne sai yanzu ya ratsa inji. Ban yi masa musu ba. Ba a daɗe ba aka hana hawan babur a garin baki ɗaya, muka ɗora shi a motar kaya aka kai wa Yaya.