Kabarin da Ya Ƙi Akwati

Mijina ya rasu da hantsi, a tsakiyar damina, shekarar da kogin Kwara ya cika ya shanye hanyar ƙauyenmu. Bakaniken babura ne, mu kaɗai ne Kiristoci a wannan ƙauye da ke tsakanin Bagudo da iyakar Benin. Cocinmu da fastonmu suna Bagudo. Na kira fasto a waya, ya ce ko jirgin ruwa ba ya iya ƙetarowa ranar. Zafi kuwa ba ya jiran kowa.

A lokacin ni da Allah ba ma ga maciji. Tun da ciwon hanta ya kwantar da mijina nake azumi da addu'a, har gwiwoyina suka yi kanta. Da na ga cikinsa sai ƙara kumbura yake yi, na ce to, tunda ba a jin maganata, na yi shiru. Ni mace ce mai riƙo, ko shi marigayin ya sha faɗa. Na daina addu'a ko a kan abinci.

Maƙwabcinmu, wani tsoho masunci da muke kira Baba, shi ya tsaya a kan komai. Ya sa kafinta ya haɗa akwati da katakon benci, ya tura mutane haƙa a wani ɗan tudu bayan gonarmu, inda ruwa bai kai ba. Matan gari ba sa zuwa binne gawa, don haka ni kaɗai ce mace a bayan masu ɗaukar akwatin.

Da muka isa sai kowa ya yi cirko-cirko. Sun haƙa kabarin yadda suka saba haƙa nasu: babban rami, a cikinsa kuma ƙarami, siriri, daidai mutum a kwance ta gefensa. Akwati ba shi da hanyar shiga. Suka gwada faɗaɗawa, ƙasa ta fara zubewa, ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa. Ga hadari ya haɗo daga gabas.

Baba ya matso, kunya ta rufe shi. Ya ce, "Ɗiyata, ki gahwarce mu. Hannu ya saba, irin namu munka gina, mun mance da akwati. Mi kika so a yi?"

Raina ya ɓaci, ba da su ba. Na ce a zuciyata, ko wannan ma sai an hana shi? Amma na dubi tsofaffin nan, taɓo har gwiwa saboda mutumin da ba addininsu ɗaya ba, na ce a fito da shi daga akwatin. Na kwance mayafina aka naɗe shi, suka sa shi a hankali, suka jera itace a kai.

Sai suka ja da baya, suka bar ni a bakin ramin. Baba ya ce, "Saura naki. Mu ba mu san yadda kuka yin addu'arku ba. Ki kira mishi Ubangijinshi."

Babu fasto, babu waƙa, babu akwati. Abin da ya rage da zai nuna Kirista ake binnewa, bakina ne kawai, bakin da na kulle. Na nemi addu'o'in da na haddace tun ina yarinya, ko ɗaya ba ta zo ba. Tsoro ya kama ni, kada mijina ya tafi haka saboda taurin kaina.

Da ƙyar murya ta fito. Na ce, "Ya Yesu, na roƙe ka ka bar mini shi, ba ka bari ba. Har yanzu ina jin haushi. Amma ba ni da inda zan kai shi sai wurinka. Ga shi nan, ka riƙe shi."

Kuka ya ci ƙarfina, ban iya ƙara komai ba. Baba ya jira kaɗan, da ya ga iyakar addu'ar ke nan, ya shafa fuskarsa ya ce amin, sannan ya ɗauki shebur.