Wasan Taubashi a Bakin Wahab

Wahab mutumin Maradi ne. Ya sauka New York da jaka ɗaya da baki mai kaifi, kuma bakin ya fi jakar yi masa aiki. Ya fara da tallar huluna da tabarau a gefen titi, daga baya ya sami mota ya shiga layin direbobin da ke jiran fasinja a filin jirgin sama na JFK. A wurin jiran nan ya yi suna. Ba wanda bai laƙaba wa suna ba. In mutum ya yi tuntuɓe, kafin ya miƙe Wahab ya ɗauke shi a waya ya jefa a gurup ɗin direbobi na WhatsApp. A ganinsa wannan baiwa ce.

Wanda ya fi shan bakinsa shi ne Faruƙ, ɗan gwaggonsa Zinariya, shi ma direba. Ɗan mace da ɗan namiji ke nan, wato taubasai, kuma a al'ada taubashi yana tsokanar taubashinsa ba a ce ya yi laifi ba. Wahab ya riƙe wannan dama kamar lasisin tuƙi. "Bawana" yake kiransa ko a gaban baƙi.

Da Faruƙ ya yi hatsari aka karɓe masa lasisi, sai ya daina fita, ya daina ɗaukar waya. Wata rana ya rubuta a gurup cewa ya gaji da duniya, in babu shi kowa zai huta. Wasu suka ce ya yi haƙuri, wasu suka je gida duba shi. Wahab kuwa saƙon murya ya aiko, yana taunar goro.

"Kai bawana, kullum ka gaji, kullum ka gaji. In kai namiji ne, yi mu gani mana!"

Bai tsaya nan ba. Kowace safiya sai ya bi shi da wani saƙon: "Au, har yanzu kana nan?" Watan bai ƙare ba Faruƙ ya kashe kansa.

Wahab ya yi kuka a wurin jana'iza, amma kukan gaske sai da 'yan sanda suka saurari saƙonnin. Lauyansa ya gaya masa cewa a New York ingiza mutum ya kashe kansa laifi ne, yana iya kai mutum kurkuku. Nan ya tuna yana da gwaggo. Dabararsa ita ce ta je wurin mai gabatar da ƙara ta ce wasa ne na al'ada. In uwar mamaci ta faɗi haka, wa zai ja?

Ni ma direba ne, ina cikin masu zaman gaisuwa a gidanta a unguwar Highbridge ranar da ya zo. Ya sha farar shadda da turare, ya durƙusa har ƙasa.

"Gwaggo, ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Gwaggo, mutanen nan ba su san mu ba. Ke kin san ni da Faruƙ, tun muna yara haka muke. Ki gaya masu wasan taubashi ne. Wallahi rufe ni za su yi. Ga motata, ga takarduna..."

Ya lissafa duk abin da zai rasa. Na saurara da kyau, ko zai ambaci abin da ita ta rasa. Bai ambata ba.

Gwaggo Zinariya ta ajiye carbinta.

"Wahabu, ni ma ina da taubasai. Mun zagi juna har muka yi furfura. Amma ranar da uban Faruƙ ya rasu, su suka kwana a ƙofar ɗakina, ba wanda ya tsokane ni. Da mai dariya ake wasa. A cikin saƙonnin nan naka, ka ji inda ɗana ya yi dariya?"

Wahab ya buɗe baki. Ta riga shi.

"Zan je," in ji ta. "Zan yi masu bayanin wasan taubashi tun daga tushe, yadda za su gane abin da ka yi ba shi ba ne."

Ya miƙe yana laluben takalmansa. A bakin ƙofa ya juyo ya dube mu, mu direbobin da muka sha dariyar barkwancinsa, yana jiran wani ya sa baki. Kowa ya sunkuyar da kai.