Na'urar da Baba Ya Zaɓa

Daminar da Baba ya sayi na'urar nan, ina koyarwa a wata sakandare a Samaru, inda gidanmu yake. In an tashi makaranta nakan hau bas zuwa Sabon Gari, in kai masa abincin da Mama ta zuba a kula. Baba mai gyaran wayar mota ne. Garejinsa rumfar kwano ce a gindin wata darbejiya ta wajen Chikaji. Da la'asar inuwar ganye kan zauna a kan gilasan motoci tana motsi, ni kuma in zauna a benci ina kallo har gyangyaɗi ya ɗauke ni.

A shekarun nan kunnen Baba ya fara nauyi. Mama ce ta fara lura, a coci, don in ana waƙa sai mawaƙa su kai ƙarshen baiti shi yana tsakiya. Da can inji yake saurara ya san ciwonsa. Yanzu sai ya kafa kunne ya daɗe, ya ɗago yana murmushin da ba na jin daɗinsa. Ga motocin Kwatano sun cika gari, masu ƙwaƙwalwa a ciki, masu wata 'yar fitila ruwan ɗorawa da kan kama a dashbod ta ƙi mutuwa. Masu su sai su ce za su kai Kaduna a sa musu a kwamfuta.

Wata Asabar ya ce mini, "Uwata, sa takalminki. Za mu je mu sayo abin da ke magana da motocin nan."

Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Muka je shagon wani Ibo mai sayar da kayan mota, tsohon abokin cinikinsa, wanda ya iya Hausa kamar a Tudun Wada aka haife shi. Ya fito da su ya jera a kan kanta. Ɗaya waya ce kawai da faifai, sai an haɗa ta da kwamfutar cinya. Ɗaya ƙarama ce kamar sabulun wanka, lamba kaɗai take nunawa. Ɗaya kuma ja ce mai rigar roba, ta cika tafin hannu, fuskarta da faɗi.

Ni mai faifan nake so. Ina da kwamfuta, ina kuma hango kaina a gareji ina danne-danne ana kallona.

"Baba, wannan ta fi sani," na ce. "Komai za ta nuna muku."

"In kina aji fa? In jira a buga ƙararrawa?" Ya juya ga mai shago. "In babu wuta fa?"

"Sai batirin kwamfuta, Oga. In ya ƙare, ya ƙare."

Baba ya ɗauki jar ya juya ta. Ya tambaya daga ina take cin wuta, aka ce daga jikin motar. Ya tambaya ko tana goge fitilar bayan an yi gyara, aka ce tana gogewa. Ya sa tabarau ya nisanta ta da fuskarsa, ya ga yana iya karanta rubutun kwalin da hoton fuskarta.

"Kowace mota take ji?"

Mai shagon ya sosa ƙeya. "Na Japan da na Amurka, in ba su tsufa sosai ba. Na Turai kam, wasu sai sun ga dama."

Baba ya ji daɗin da bai ce masa duka ba. Ita ya ɗauka.

Motar da muka fara gwadawa ta wata tsohuwar nas ce daga Palladan, 'yar zumuntar matan cocin su Mama. Motar mijinta ce. Tun da ya rasu take ajiye a ƙarƙashin mangwaro an lulluɓe ta da tampol, sai a daminar nan matar ta ce ta gaji da hawa acaɓa, za ta koma tuƙi. An sa sabon batir, motar ta tashi, amma tana rawa, fitilar nan kuma a kunne.

Har yau ina jin ƙamshin cikin motar: tsohuwar kujera, ƙura mai laima, da ɗan saura na man gashin mutumin da ba ya nan. Hadari ya haɗu ta gabas, haske ya yi wani irin kore. Baba ya kwanta rigingine, kansa a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje, yana laluben ramin da ake soka wayar. Ya same shi, ya soka. Ni ina kujerar gefe riƙe da na'urar. Fuskarta baƙa ƙirin.

"Ta kawo?"

"Ba ta kawo ba."

"Me kika ce?"

Na sunkuya na girgiza masa kai.

Ya fito ya zauna yana kallon ta. Na zaci zai ce an cuce shi. Sai ya miƙa hannu ya danna abin kunna sigari, ya jira, ya zaro, ya taɓa shi a hankali. Sanyi ƙalau, alamar wuta ba ta zuwa. Ya buɗe akwatin fis ya riƙa zarowa yana ɗagawa sama yana hangen hasken hadari ta cikinsu, har ya sami wanda ya tsinke. Da ya canza shi, fuskar na'urar ta yi haske shuɗi-shuɗi a cinyata. Na yi ihu. Wannan kam ya ji.

Littafin da ya zo da ita da Turanci yake, rubutu ƙanana, sai ni nake karantawa ina faɗa masa a kunne. An ce a murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, kada a tayar da inji. Ya murɗa. Ɗige-ɗige suka fara tafiya a fuskarta, suna zuwa ƙarshe suna dawowa. Ruwa ya fara ɗiga a rufin motar. Na bi ɗigon nan da ido har na ji kamar ni ce nake tafiya a wata doguwar baranda ina ƙwanƙwasa ƙofofi. Sai rubutu ya fito: ba ta samu shiga ba.

Muka kashe, muka sake. Muka zare, muka soka. Amsa ɗaya.

Nas ɗin tana tsaye a rumfa da lema. Ta ce, "Ku bar ta, Baba. Da ma marigayi kaɗai take ji. Ni ko ƙofarta ba na iya buɗewa sai na yi kokawa."

Baba ya ce wa nas ɗin, "Ba ni madubin jakarki."

Ta ba shi madubin hodarta. Ya koma ƙarƙashin sitiyari da tocila, yana haska ramin ta madubin. Sai na ji kafaɗarsa tana girgiza. Dariya yake.

"Uwata, leƙo ki ga mai gidan."

Na leƙa ta madubin. Ramin yana da ƙananan ƙofofi a jere, wasu daga cikinsu an toshe su da jar laka, an shafe ta sumul. Zanzaro ya yi gini. Shi ya sa wayar ba ta shiga har ƙarshe. Baba ya ce in karyo masa tsinken tsintsiya, don ƙarfe zai iya haɗa wuta. Ya riƙa sakata a hankali, laka tana zubo masa a tabarau, yana hurewa. Da ya sake sokawa, ni na ji ta yi ƙas, shi kuma ya ji a yatsunsa.

Ɗige-ɗigen ba su kai ƙarshe ba suka tsaya. Harafi da lambobi suka fito. Na duba bayan littafin: abin da ke auna iskar da inji ke shaƙa ne ba ya aika saƙo. Baba ya buɗe bonet a cikin yayyafi, ya bi wayar da yatsa, ya sami inda ɓera ya ci. Ya haɗa, ya naɗe. Ya ce in nuna masa maɓallin gogewa, shi ya danna da kansa. Aka tayar da mota, fitilar ba ta dawo ba.

Ba kullum aka yi nasara haka ba. Akwai wata tsohuwar motar Jamus mai rami zagayayye da muka sayo wa mahaɗi na musamman, ta ƙi ko gaisuwa, har Baba ya ce wa mai ita ya wuce Kaduna. Amma ranar nas ɗin komai ya tafi daidai.

Ruwa ya ɗauke kafin magariba. Ta ce ita za ta kai mu gida. Ta shiga, ta matso da kujera gaba, don mijinta dogo ne. Motar ta mutu a hannunta kafin mu fita gareji, ta yi dariya tana share ido da bakin ɗankwali, ta sake tayarwa. Muka hau titin Samaru a hankali, acaɓa suna wuce mu. Kwalta tana tururi. Masu gasa masara sun fito suna fifita garwashi. Wajen Palladan wani ƙaramin jirgin koyon tuƙi ya wuce ƙasa-ƙasa ta saman gonaki. Baba yana gaba, ya ɗora tafinsa a dashbod, idonsa a rufe. Ni ina baya, kular abinci a ƙafata, iska mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana shigowa.

Ba ta tsaya a kwanar gidanta ba. Da muka iso ƙofarmu, Mama ta fito da ludayi a hannu, ta ga wadda ke riƙe da sitiyari, ta ce sai ta sauko ta ci tuwo tukuna.